Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirya Tsohuwar Kombi Domin Tafiyar Ƙanƙara A Turai

Duk wanda ya san birnin Ikko a shekarun 1970 da 1980 ya san Kombi, watau ƙaramar bas ɗin nan ta kamfanin Volkswagen mai inji a baya, wadda Yarabawa suka laƙaba wa suna Danfo. A nan aikinta jigilar fasinja ne, ana ɗura mata mutane har sai ta yi nishi. A Turai kuwa, inda aka ƙera ta, waɗansu sun mai da ita ɗaki mai tafiya. A cikinta akwai gado, da murhu, da ɗan kabad na kayan abinci, da tebur mai naɗewa, wani lokaci har da rufin da ake ɗagawa sama domin mutum ya iya miƙewa tsaye. Mai ita yakan kwashi iyalinsa su yi makonni suna yawon buɗe ido, duk inda dare ya yi musu nan ne masauki.

An fara ƙera Kombi a garin Wolfsburg na Jamus a watan Maris na 1950, bayan wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana siffarta a takarda a 1947. A 1951 kamfanin Westfalia ya soma sa mata kayan kwana da na girki. Samfurin farko mai gilashin gaba biyu ya tsaya a Jamus a 1967, na biyu ya tsaya a 1979, ko da yake ƙasar Birazil ta ci gaba da ƙera shi har zuwa ƙarshen 2013. Saboda haka mafi yawan waɗanda ke hannun masu yawo a Turai yanzu sun haura shekara 40, waɗansu ma sun girmi masu tuƙa su.

Dattawan Agadas da Damagaram da Kano za su iya tuna irin waɗannan motoci, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, jarkoki ɗaure a rufinsu. Samarin Turawa ne da sukan keto Sahara daga Aljeriya tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da zafin hamada ke sauƙi, kafin rashin zaman lafiya ya tsuke wannan hanya tun daga shekarun 1990. Su waɗancan gudun sanyin ƙasarsu suka yi. Akwai kuma waɗanda sanyin suke bi har gidansa. Sukan tashi daga Jamus a tsakiyar hunturu, su ratsa Danmak da Suwidin da Finlan, su nufi wani tsauni da ake kira Nordkapp a can ƙuryar arewacin Norwe, tafiyar fiye da kilomita 2,500 daga birnin Hambug.

Kada mai karatu ya kwatanta wannan sanyi da jaurar da aka sani a nan. A Kano, ko a tsakiyar muku-muku, ma'aunin zafi bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. A arewacin Finlan da Norwe kuwa digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri ba abin mamaki ba ne a watan Janairu, kuma a garin Karasjok, wanda ke kan wannan hanya, an taɓa auna digiri 51.4 ƙasa da sifiri a 1886. A irin wannan wuri motar da ta mutu a daji da dare tana iya zama sanadin ajalin masu ita. Wahalar shirin kuwa ita ce abu biyu ne a jiki ɗaya, mota ce kuma ɗakin kwana ne, sanyi kuma yana kai wa kowanne hari ta hanyarsa daban.

Injin Da Ba Ya Shan Ruwa

Tsohuwar Kombi ba ta da lagireto. Iska ce ke sanyaya injinta, wata fanka ce ke hura ta a kan silindoji 4 da ke kwance biyu-biyu suna ba juna baya. A ƙasar ƙanƙara wannan riba ce, domin ba ruwan da zai daskare ya fasa inji. Amma kuma a nan ne kuskuren farko yake ɓuya. A ƙarƙashin injin akwai wata 'yar na'ura mai jin zafi wadda ke buɗewa da rufe waɗansu ƙofofin kwano, ta hana iska wucewa har sai inji ya ɗumama. Makanikai da yawa, musamman a ƙasashe masu zafi, sukan cire ta su yar, suna ganin ba ta da amfani. Motar da aka yi wa haka, idan ta shiga sanyi mai tsanani, injinta ba zai taɓa kai zafin da ya kamata ya yi aiki da shi ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai yana tsinka shi, laima ta taru a ciki, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Don haka abin da mai shiri ke fara dubawa shi ne ko wannan na'ura tana nan, kuma tana motsi.

Haka kuma tiyon da ke kawo ɗumi daga jikin inji zuwa kafireto. Idan ya yage ko ya ɓace, ƙanƙara takan taru a maƙogwaron kafireto ta shaƙe shi, mota ta riƙa tari tana mutuwa a duk inda aka taka birki. Abin mamaki, wannan ya fi faruwa a ranar da ke da hazo da laima, sa'ad da ma'auni ke ɗan sama da sifiri, watau tun matafiyi bai yi nisa daga gida ba.

Sauran aikin inji sananne ne ga duk makanikin da ya taɓa riƙe Volkswagen. Ana saita bawul inji yana sanyi, a bar tazarar milimita 0.15, kuma a maimaita bayan kowace kilomita 5,000. Ana juye baƙin mai a kan wannan ƙa'ida ita ma, domin injin 1600 lita biyu da rabi kawai yake ɗauka, kuma ba shi da matacin kirki sai 'yar rariya. Tunda zuwa da dawowa sun haura kilomita 5,000, dole ne mutum ya yi guzurin mai da sifana, ya san zai kwanta ƙarƙashin mota a hanya. Mai kauri mai lamba 20W-50, wanda ya dace da zafi, yakan zama kamar man shanu a cikin ƙanƙara, sitata ta kasa juya inji. Shi ya sa ake sauya shi da mai ruwa-ruwa, irin mai lamba 10W ko 5W.

Akwai wani abu ƙarami da ya cinye Kombi da yawa fiye da haɗarin hanya, watau tiyon fetur. Tankin mai yana dab da inji, tiyon roba kuma ya ratsa ta saman ƙarfe mai zafi. Idan ya tsufa ya tsage, gobara ce nan take. Fetur ɗin da ake sayarwa a Turai yanzu yana da haɗin sinadarin etanol, har kashi 10 cikin 100 a irin wanda Jamus ta fara sayarwa a 2011, Ingila kuma a 2021, kuma wannan sinadari yana cin tsohuwar roba. Kuɗin sabon tiyo bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, don haka sakaci a nan ba shi da uzuri.

Masu samfuri na uku, wanda aka fara a 1979, labarinsu daban ne, domin tun farkon shekarun 1980 aka koma sa masa inji mai shan ruwa, lagireto a gaba, inji a baya, dogayen bututu a ƙarƙashin bene. Ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, wannan kuma ya isa ya tsaga ƙarfe. Ana gauraya shi rabi da rabi da maganin hana daskarewa, wanda ke kare shi har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Mai injin dizal kuma ya sani cewa man nasa yakan yi kakide a sanyi ya toshe mataci. A Jamus man da ake sayarwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu yana jure digiri 20 ƙasa da sifiri ne kawai, saboda haka ba a cika jarka a kudu a ce za a yi amfani da ita a arewa. A sha man kowace ƙasa a ƙasar.

Batir Da Taya

Batir shi ne yakan fara kasawa. A digiri 18 ƙasa da sifiri yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, daidai lokacin da inji ya fi wuyar juyawa. Cikakken batir yana jure sanyi ƙwarai, amma wanda wutarsa ta ƙare ruwan cikinsa yakan daskare a 'yan digirori kaɗan ƙasa da sifiri, ya kumbura ya fashe. Wanda ya shekara 4 ko 5 gara a ajiye shi a gida a sayi sabo. Motocin da aka ƙera kafin ƙarshen 1966 kuwa wutarsu bolt 6 ce maimakon 12, fitilarsu kamar ta aci-bal-bal, kuma duk wata tsatsa a bakin waya tana rage abin da ya saura. Sai an bi kowane mahaɗi an kankare shi, musamman wayar da ta haɗa batir da jikin mota.

Game da taya, doka ta riga ta yanke hukunci. A Jamus tun Disamba 2010 haramun ne a hau ƙanƙara ba da tayar hunturu ba, kuma daga Oktoba 2024 sai wadda ke ɗauke da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki ake karɓa. A Suwidin dokar tana aiki daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya ta yi ƙanƙara, kuma zanen taya kada ya gaza milimita 3. Sai dai tsohuwar motar yawo tana da wata cuta ta daban. Da yake ba a cika hawanta ba, tayarta takan tsufa zanenta na nan kamar sabo, alhali robar ta bushe ta yi tauri. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan an ga 2314, watau mako na 23 na 2014 ke nan, kuma irin wannan ba abin ɗauka zuwa arewa ba ce komai kyan fuskarta.

Nauyin inji a kan tayoyin baya yana taimakon Kombi wajen hawan tudu mai santsi, wannan gaskiya ne. Amma gabanta ba nauyi, ga ta doguwa kamar akwati, iska mai ƙarfi tana tura ta gefe. Man birki kuma yana shan laima daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2. Gishirin da ake watsawa a tituna domin narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe, don haka ana shafe ƙarƙashin mota da kakin hana tsatsa kafin a tashi.

Ɗumin Da Ke Kisa

Duk abin da aka ambata a baya, mafi munin sakamakonsa shi ne mota ta tsaya. Maganar ɗumama ciki kuwa maganar rai ce, kuma a nan ne ya kamata mai shiri ya fi daɗewa.

Da yake injin ba shi da ruwan zafi da za a zagayo da shi cikin mota, masu ƙera ta sun yi wata dabara. Sun lulluɓe bututun hayaƙi da akwatin kwano, iska mai tsabta ta bi ta cikin akwatin ta ɗauki zafin bututun, sa'an nan a tura ta gaba wajen direba. Dabarar ba ta taɓa gamsar da kowa ba, domin kafin iskar ta yi tafiyar kusan mita 4 ta ƙarƙashin mota ta riga ta huce. Amma aibinta na gaske shi ne abin da ya raba hayaƙi da iskar da ake shaƙa fallen ƙarfe ɗaya ne tak. Bayan shekara 40 na zafi da ruwa da gishiri, idan tsatsa ta huda shi, hayaƙin salansa kai tsaye zai shigo wa mutanen da suka rufe tagogi ruf saboda sanyi.

A cikin hayaƙin akwai iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da wani irin barci mai nauyi, waɗanda direban da ya gaji zai ɗauka gajiyar hanya ce. Masu karatu ba baƙin wannan masifa ba ne. Ita ce take hallaka iyalin da suka shigar da kaskon gawayi ɗaka a daren hunturu suka toshe ƙofa, ita ce kuma take fitowa daga janareton da aka tayar a cikin gida. Abin da ke faruwa a ɗaki a Zariya shi ne ke faruwa a Kombi a dajin Finlan, sai dai Kombi ta fi ɗaki ƙanƙanta, don haka ta fi saurin cika.

Saboda haka ake kwance waɗannan akwatuna a duba su da ido, in da shakka a sauya. Kuma ba a kwana inji yana aiki. Dusar ƙanƙara tana iya zuba da dare ta binne bakin salansa, hayaƙi ya rasa mafita ya taru a ƙarƙashin mota ya sulalo ta kowace kafa. Ba a kunna murhun girki domin jin ɗumi, domin harshen wutarsa a cikin ɗakin yake, yana cin iskar da mutane ke shaƙa.

Abin da masu wannan tafiya suka dogara da shi shi ne wata na'urar ɗumi mai zaman kanta, irin ta kamfanonin Eberspächer da Webasto na Jamus. Tana shan fetur ko dizal kaɗan-kaɗan, tana ƙona shi a cikin rufaffen tulu, iskar ƙonawa daga waje take zuwa, hayaƙin kuma waje yake fita. Waɗansu tsofaffin Kombi da ita aka sayar da su tun daga kamfani, amma masu ƙera ta sun ƙayyade wa tulun shekara 10 ne, don haka wadda ta kwana tun zamanin da aka sayi motar ba abin amincewa ba ce. Na'urar tana cin wutar batir duk dare. Shi ya sa ake sa batir na biyu domin hidimar ɗaki, a raba shi da na inji, kada mutum ya kwana cikin ɗumi ya wayi gari mota ta ƙi tashi. Batirin zamani na litiyom ya fi sauƙin nauyi, amma ba a yi masa caji ƙasa da sifiri, sai a ajiye shi a inda ɗumi ke kaiwa. Bayan duk wannan, ana manna ƙararrawar da ke jin iskar guba kusa da wurin kwana, a gwada ta kafin a tashi.

Tukunyar iskar gas ta girki ita ma tana da nata sharaɗi. Irin wadda ake kira butan ba ta fita daga tukunya idan sanyi ya kai sifiri, sai mutum ya ji ta cike amma murhu ya ƙi kamawa. Wadda ake kira furofan tana aiki har digiri 42 ƙasa da sifiri, ita ce ta hunturu. Amma kowace kilo ɗaya da aka ƙona tana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska. A haɗa wannan da numfashin mutum biyu ko uku, da jiƙaƙƙun takalma, sai a tarar da safe gilashi ya yi ƙanƙara ta ciki, bango yana zufa, bargo ya yi sanyi. Maganin abin yana da wuyar karɓa ga mai jin sanyi: a bar 'yar kafa a buɗe a taga da kuma rufi, iska ta riƙa wucewa. Tankin ruwa da bututunsa kuwa a tsiyaye su ƙaf tun a gida, a riƙe ruwan sha a jarka a cikin ɗaki.

Gogaggun matafiya ba su yarda da shirinsu ba sai sun gwada shi. Mako biyu ko uku kafin tashi sukan zaɓi daren da ya fi sanyi, su kwana cikin motar a ƙofar gida, su ga ko na'urar ɗumi za ta kai asuba, ko batir zai tayar da inji da safe. Kuma sukan ɗauki jakar barci da za ta iya riƙe mutum ko da komai ya mutu.

Kilomita 13 Na Ƙarshe

Hanyar kanta tana da nata ƙa'idoji. A Nordkapp rana ba ta fitowa sam daga wajen 20 ga Nuwamba har zuwa bayan 20 ga Janairu, sai ɗan haske kamar na almuru na 'yan sa'o'i da tsakar rana. Motar da ƙarfin injinta bai wuce doki 50 ba, a kan ƙanƙara, cikin duhu, ba za ta ci rabin zangon da take ci da rani ba. Gidajen mai suna nesa da juna, don haka ba a bari tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ga garkunan wata irin barewa da makiyayan ƙabilar Sami ke kiwo, sukan fito kan titi suna lasar gishiri, ba su kuma kula da hon. Sanyi mafi tsanani a tsakiyar ƙasa yake, wajen Karasjok, domin a bakin teku ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu yana rage kaifinsa, sai dai a can iska ce ke mulki.

Tsaunin yana kan tsibirin Magerøya, ana shiga ta wata hanyar ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 7 da aka buɗe a 1999, wadda ta nutsa mita 212 ƙasa da fuskar ruwa. Gangarenta yana gwada birkin tsohuwar mota, hawanta kuma yana gwada inji. Daga mararrabar ƙauyen Skarsvåg saura kilomita 13, kuma idan yanayi ya ɓaci ba a bin su sai cikin ayari, motar share ƙanƙara tana gaba kamar madugu, sauran suna biye da fitilu a kunne. Ana son kowa ya zo da isasshen mai, da tufafi masu kauri, da shebur, da igiyar ja, da abinci da abin sha mai zafi. Ba a wuce na gaba, ba a juyawa, kuma idan ayari ya tsaya cikin guguwa ba wanda zai fita daga motarsa. In kuwa iska ta yi yawa, hukuma takan rufe hanyar gaba ɗaya, matafiyi ya koma garin Honningsvåg ya jira, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci fiye da haka.